Wutar Rumbun Ɗangiwa

"Yaya, in ƙwai ya ƙone cikin wuta, ɗan tsakon da ka ciki shina zuwa Aljanna?"

Hamdiya ce ta yi mini wannan tambayar ranar Asabar da hantsi, ina tsugune a bakin murhu ina dama kunu, Suhaibu na goye a bayana. Ba ta cika shekara biyar ba. 'Yar fari ce a wurina, shi ya sa take ce mini Yaya, kakarta kuwa Inna. Ni kuma ba na kiran sunanta, ba na ɗaukarta a gaban mutane, ko kallon kirki ba na yi mata idan surukaina na kusa. Haka na tashi na ga ana yi a Kebbe, haka na tarar a wannan ƙauye na gefen Dogon Daji da aure ya kawo ni. A lokacin kuwa Inna na zaune a ƙofar ɗakinta tana jan carbi. Ban ko waiwaya ba na ce, "Ke, tafi can ki ba mutane wuri." Ta tafi sumui-sumui, hannunta na dama a cikin hijabi.

Hankalina ba ya wurinta. Yana zauren mai gari, inda ƙanena Sirajo ya kwana a kulle.

Ranar Juma'a, maza sun tafi masallaci, wuta ta kama babban rumbun surukina. Mutanen gari Ɗangiwa suke ce masa, ni kuwa Baba. Rumbun kara ne mai jinka, yana bayan gida, gaba da turken awaki, kuma geron shekarar nan duka yana ciki. Mu mata muka yi ta ɗauki-ba-daɗi da bokitai da tukwane, ruwan randa ya ƙare muka koma rijiya. Kafin maza su dawo jinka ta rufta. Abin da muka iya shi ne hana wutar tsallakawa darni da ɗan ƙaramin rumbun dawa da ke gefe.

Toka ba ta huce ba aka fara kiran sunan Sirajo. Ya zo daga Kebbe a kan babur ɗinsa don ya taya mu aikin kaka, kuma ya yi aiki, ba mai musun wannan. Amma yana shan taba. A makon, Baba ya kama shi yana busawa kusa da dammunan gero, ya fizge karan daga bakinsa, ya murje da ƙafa a gaban 'yan aiki, ya faɗi maganar da ta taɓa iyayenmu. Sirajo ya ce, "Ba komi, Baba, akwai rana." Kowa ya ji. Ranar Juma'ar ba a gan shi a masallaci ba. Sannan wani ya tsinci guntun taba a gindin darni.

Samari suka so su taɓa shi, mai gari ya shige da shi zaure ya sa kwaɗo. Baba ya rantse sai an kai shi wurin 'yan sanda a Tambuwal. Mai gari ya ce a ba shi yini guda, ya aika garin Sanyinna a ɗauko Namadi mai bin sawu; idan rana ta faɗi ba a samu wani ba, da safe a tafi da yaron. Mijina Nasiruddeen ya rasa inda zai sa kansa, ga uba ga ƙanen mata. Tun daga lokacin bai haɗa ido da ni ba.

*

Namadi ya iso kafin azahar a bayan babur, yana sauka yana zagin hanya da ƙugunsa. Tsoho ne siriri, da sanda, da goro a kunci. Shanun sata da jakuna ya saba bi, har an ce ya taɓa bin sawun raƙumi daga ƙasar Tambuwal zuwa wata kasuwa a Kebbe. Ya tsaya ya dubi bayan gidanmu, duk caɓi da toka da sawun ƙafa a kan sawun ƙafa, ya girgiza kai.

"Kun tattake wuri awa kasuwar bisashe, sa'annan kunka ce in zo in karanta," in ji shi.

Ya sa mai gari ya kori jama'a baya. Ya tambayi wanda ya fara ganin hayaƙi, aka ce ni ce. Ya ce to in biyo shi, shi jikanyarsa ma ta girme ni, ba wanda zai yi magana. Baba ya ɓata rai, ya ce yayar ɓarawon zaman lafiyarsa ce za ta yi shaida? Namadi ya ce shi ba shaida yake nema ba, ido yake nema.

Ya tambaye ni inda nake lokacin. Na ce ina shanya a tsakar gida, na ji ƙauri, na leƙa. Ya ce hayaƙin daga ina yake tashi, sama ko ƙasa? Na rufe ido na tuna. Na ce kamar ta ƙasa yake bulbulowa, tsakanin duwatsun da rumbun ke kai, amma ba zan rantse ba. Ya karɓi guntun tabar da aka tsinta, ya murza a tafin hannu, ya kai kusa da ido.

Daga nan zauren mai gari. Ni na ɗauki kwanon tuwon da Sirajo ya ƙi ci tun jiya. Na same shi zaune a ƙasa, idonsa ya yi ja, gefen bakinsa a kumbure. Ya gaya wa Namadi cewa kunya ce ta hana shi zuwa masallaci, don ba ya son haɗa sahu da waɗanda aka wulaƙanta shi a gabansu. Ya hau babur ya tafi fadama, ya zauna gindin mangwaro, ya sha tabarsa, barci ya kwashe shi. Ihun mata ne ya tashe shi. Namadi ya duba ƙasan takalminsa, ya sa ya fito da abin da ke aljihunsa: goro rabi, makullin babur, da jar laita.

"Akwai rana da kac ce, wace rana ta?"

Sirajo ya sunkuyar da kai. Ya ce wallahi ranar komawarsa gida yake nufi, ranar da ba zai sake taka garin nan ba.

Namadi ya tafi fadama da kansa, ya dawo ƙafarsa duk laka. Ya ce ya ga sawun babur, ya ga guntayen taba sababbi a gindin mangwaro. Wanda aka tsinta a bayan gida kuwa tsoho ne, rana ta koɗe shi, gara ta ci takardarsa. Zuciyata ta yi sanyi, amma bai bar ni na ji daɗin ba. Ya ce sawu yana faɗin cewa mutum ya je wuri, ba ya faɗin bai je wani wurin ba kafin nan. Daga fadama zuwa gidanmu ba nisa a babur.

*

Rana ta karkata. Ni dai sai duban inuwar darni nake yi tana ƙara tsawo.

A bayan darnin Namadi ya tsinci kwalba a cikin ciyawa, da sawun takalmin taya mai faci a dunduniya. Nan take 'yan kallo suka ce Ɗan'iya. Shi ne mai sayar da fetur a kwalabe a bakin hanya, kuma bara awakin Baba sun cinye masa wake, har yau ba sa gaisawa da kyau. Shi ma bai je masallaci ba. Aka kira shi ya zo yana ɗingishi, da tumbinsa a gaba, yana rantsuwa tun daga nesa.

Namadi ya bar shi ya gama. Sannan ya nuna mana sawun da sanda. Yatsun sun nutse, takun yana da faɗi, mutum ne mai gudu ɗauke da kaya. Kuma sawun yana kan ƙasar da ta riga ta jiƙe, wato an fara zuba ruwa kafin ya iso. Na tuna kuwa, Ɗan'iya ne namiji na farko da ya kawo mana ɗauki, da jarka biyu. A ruɗe nake, shi ya sa na manta.

Saura kwalba. Namadi ya buɗe ya sansana, ya yamutsa fuska, ya miƙa wa mai gari. Ba fetur ba ne. Ɗan'iya ya yi ƙasa da murya ya ce jiƙon maganin basir ne, daga aljihunsa ya faɗi, kuma ciwon ne ya hana shi zaman masallaci. Mutane suka tuntsire da dariya, har da waɗanda suke cewa a ɗaure shi ɗazu. Ni ban yi ba. Duk wanda aka wanke, Sirajo ake ƙara matsewa.

Inna ce ta kawo sunan Sauda. Maƙwabciyarmu ce, mijinta ya rasu, tana suyar awara, kuma a gindin darninmu take zubar da toka. Mun sha yin magana a kai. Sauda ta fito da ludayin suya a hannu, ta ce shekara nawa tana zubar da toka a nan ba abin da ya ƙone sai yau da ake neman wanda ba shi da mai tsaya masa. Inna ta ce mai cinye kazar mutane ai ba abin da ba za ta iya ba.

"Wace kaza?" in ji Namadi.

Inna ta ce wata wake-wake ce, Baba ya saya wa jikarsa, amaryarsa Hamdiya, don haka yake kiranta, ita kuma tana ce masa mijinta mai furfura. Kazar ta ɓace ta kwana biyu, ba a ga gashinta ba balle a ce shaho ne. Sauda ta ce ita 'ya'yanta ba mayunwata ba ne. Suka kaure. Namadi ya rabu da su ya tsuguna wurin tokar. Ya tura hannu ciki, ya bi ciyawar da ke tsakaninta da rumbu da ido. Busasshiya ce ƙayau, ko baƙi ba ta yi ba. Ya ce da daga nan wuta ta taso, da ta bar hanyarta a ƙasa.

Sai na ga ya daina tauna goro. Ya waiwayo ya ce, "Ɗiyata, ara mini rariyarki."

*

Na kawo masa rariyar da nake tankaɗe. Ya tuɓe babbar riga, ya kwanta rub-da-ciki a gefen duwatsun rumbun, tsoho da shi, yana kwashe gawayi da hannu a hankali. Ya nuna mini itatuwan da suka ɗauki rumbun: cikinsu na ƙasa ya cinye ya zama gawayi, bayansu na sama da sauran fari. Ya ce mai ƙeta ba ya wahalar da kansa, jinka yake jefa wa wuta ya gudu. Wannan daga ƙasa ta hau.

Ya yi ta tankaɗe toka, ni ina riƙe masa faifai. Can wani abu ya tsaya a rariya. Ya busa. Ɓawo ne, baƙi ta waje, fari ta ciki. Ya sake ɗebowa, wasu suka fito. Ya ce, kamar da kansa yake magana, "Ashe nan wake-wake tay yi kwanci. Ƙwai na."

Faifan ya kusa suɓuce mini. Ba wanda ya san da ƙwai a ƙarƙashin rumbun nan. Ni ban sani ba, Inna ba ta sani ba. Mutum ɗaya ne ya yi maganar ƙwai da wuta a gidanmu, kuma na kore ta.

Na ajiye faifan na shiga gida. Na same ta a ɗakin Inna, a lungun gado, ta ƙudundune. Inna na biye da ni tana tambayar lafiya. A gaban Inna na durƙusa na ce, "Hamdiya, zo nan." Ban taɓa kiran sunan a gaban kowa ba. Ita kanta yarinyar sai da ta dube ni. Na ɗauke ta na kai ɗakina na saki labule.

Na zare hannun daga hijabi. Babban yatsanta ya yi bororo, ya tashi fal da ruwa. Gashin girarta na dama ya ƙuna, gefen hijabin ya ƙanƙance ya yi tauri. Yini da kwana yarinyar nan tana yawo da wannan a gabana. Na tsoma hannun a ruwan sanyi, na rungume ta, na ce ba mai dukanta, ta gaya mini.

Ta faɗa a gutsure, tana shessheƙa. Ita ta bi kazarta ta gano inda take shiga. Ta ɓoye, don tana so ta fito da 'yan tsaki ta ba kowa mamaki. Kullum tana rarrafawa ƙarƙashin rumbu da tocilarta ta ga ko sun fashe. Ranar Juma'a tocilar ta ƙi kamawa. Sai ta juya ɗaya kan, ta danna yadda take ganin manya na yi. Ƙaiƙayi ya kama. Kazar ta yi tsalle ta buge ta a fuska, ta ja da baya ta fito, ta gudu. Kazar kuwa ta koma.

Na ce wace tocila, wa ya ba ta? Ta faɗi wanda ya ba ta. Na zauna daɓas a ƙasa.

Ni suruka ce. Ba ni da bakin da zan tsaya gaban gari in faɗi wannan sunan. Idan kuma na yi shiru, gobe da safe za a ɗora ƙanena a babur a kai shi Tambuwal. Idan na ce 'yata ce kawai, har ta yi aure za a riƙa nuna ta ana cewa ga wadda ta ƙone abincin gidansu. Na miƙe, na zauna, na sake miƙewa. Daga ƙarshe na ɗaura Suhaibu na fita.

Namadi na bakin rijiya yana wanke hannu. Kafin in buɗe baki ya ce ya ga sawun gwiwa da tafin hannu a gefen da ruwa bai kai ba, ƙanana, ba su kai rabin nasa ba. Ya tambaya ko ta ƙone. Na ce yatsa ne da gira. Ya yi hamdala. Na gaya masa sauran a hankali. Sannan ya ce kada in fito da ita, kada kuma in ce komai; in tsaya bayan darni kawai.

*

Bayan la'asar aka taru a bayan gida. Mai gari a kan kujera, Baba a gefensa da Nasiruddeen, jama'a sun yi da'ira. Aka kawo Sirajo, aka tsayar da shi tare da Ɗan'iya da Sauda. Mu mata muna leƙe ta ramukan darni.

Namadi ya bayyana yadda wutar ta taso daga ƙasa, ya nuna itatuwan. Sannan ya nuna ƙaramin rumbun dawa, wanda tsayin duwatsunsa ɗaya da na wanda ya ƙone, ya ce su ukun kowa ya shiga ƙarƙashi ya kai tsakiya. Ɗan'iya ya gwada, kansa kawai ya shiga, tumbi ya ce bai san zancen ba. Sirajo ya kwanta ya tura, kafaɗunsa suka cije. Sauda ta ce ita da girmanta ba mai sa ta rarrafe a gaban maza, a dubi ƙugunta a yi hukunci. Aka yi dariya kaɗan, ta mutu da wuri.

Baba ya ce ai ana iya tura wuta da dogon kara. Namadi ya ce ana iyawa. Ya zuba ɓawon ƙwai a kan faifai ya ajiye gaban mai gari, ya ce ga kazar da aka ce Sauda ta cinye, ƙashinta ma na nan. Sannan ya kwance bakin rawaninsa ya fito da wani ɗan abu. Kan laita ne na ƙarfe, da 'yar ƙafarsa mai juyawa, da narkakkiyar roba kore manne da shi, da wani ɗan ƙwai na gilashi kamar ƙwayar gero. A tsakiyar sheƙar ya same shi. Ya ce irin laitar nan ce mai 'yar fitila a gindi. Ta Sirajo ja ce, ga ta nan a hannun mai gari. Ya ce shi ba ya tambayar wanda ya kai ta can, don wanda ya kai ta bai san wuta ba. Wanda ya ba da ita yake tambaya.

Ina kallon Baba ta ramin darni. Ya miƙa hannu ya ɗauki abin, ya juya shi, ya sake juyawa. Ni na san koriyar laitar nan. A kasuwar Tambuwal ya saye ta, da ita yake kunna garwashin shayinsa.

"Ai ta mutu," in ji shi, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Iskarta ta ƙare. Fitilar ɗai ta ka aiki, shi yas sa nib ba ta..."

Bai ƙarasa ba. Namadi ya juya ga yaran da suka maƙale a jikin iyayensu, ya ce duk mai tocila irin wannan ya kawo, zai musanya masa da alewa. Na ɗauka ɗaya ko biyu za su fito. Sai ga su suna fitowa daga aljihuna, daga cikin wando, wata yarinya ma a bakin zanenta ta ƙulle. Ja, shuɗiya, ruwan ɗorawa, suka taru a kan faifai. Kowane uba yana cewa ai tasa ta mutu ne ya bayar. Namadi ya ɗauki ɗaya, ya dumtse a tafin hannu ta ɗumama, ya girgiza, ya ƙyasta. Ta yi tartsatsi. Ya sake. Wani ɗan harshe shuɗi ya tsaya a kanta. Ya ɗauki ta biyu, ta kama. Ta uku ta ƙi, sai ya kanga ta a kan ɗan ƙaiƙayi ya yi ta ƙyastawa har hayaƙi ya tashi, ya take da ƙafa.

Baba ya dubi duwatsun rumbun, ya dubi ɗan ramin da ke tsakaninsu. Na ga lokacin da abin ya same shi. Ba geron ba. Ya miƙe, sandarsa ta faɗi, bai ɗauka ba.

"Tana ciki?" ya ce. "Amaryata tana ƙarƙashi sa'adda tak kama?"

Namadi ya ce tana ciki, Allah Ya fito da ita. Ya ƙara da cewa duk wanda ya ji ya goranta wa yarinyar nan, ya fara duba faifan nan ya ga ko babu ta gidansa.

Sai Baba ya taka zuwa wurin Sirajo, da furfurarsa da komai, ya kama hannunsa biyu ya ce ya yafe masa don Allah, shi ya ƙone rumbunsa da hannunsa. Ya juya ga Sauda da Ɗan'iya ya roƙe su. Sauda ta ce ta yafe, amma Inna ta zo har gida ta faɗi maganar kaza da bakinta.

*

Sirajo ya ce ya yafe, amma bai ci abincin gidan ba. Ya ɗaure jakarsa a babur tun rana ba ta faɗi ba. Na raka shi ƙofar zaure. Ya zaro jar laitarsa da mai gari ya mayar masa, ya dube ta, ya ce shi ma a aljihun rigar da ya rataya a ƙusa yake barinta, kuma ya sha ganin Hamdiya tana laluben aljihun tana neman alewa. Ya miƙo mini. Bayan kwanaki ya aiko da dammunan gero daga gonar babanmu, amma shi har yau bai sake kwana a garin nan ba. Ina sa rai, ban matsa masa ba.

Nasiruddeen ya kai Hamdiya asibiti a Dogon Daji aka wanke yatsan aka ɗaure. Da suka dawo na zaunar da ita a cinyata a tsakar gida, Inna na kallo. Na ce mata ta sake yi mini tambayar ɗazu. Ta sake. Na ce ni ban san inda 'yan tsaki ke zuwa ba, amma Allah da Ya halicce su Ya fi mu tausayinsu, kuma ba ita ta yi laifi ba. Na ce daga yau in ta ga ashana ko laita a ƙasa, kada ta taɓa, ta zo ta kira ni, kuma in wani abu ya kama wuta ta fito da gudu ta yi ihu, kada ta ɓuya, ba mai dukanta. Na sa ta maimaita har ta haddace.

Yanzu ashana da laitar gidanmu suna cikin gwangwani mai murfi, a rataye can saman bangon ɗaki inda ni ma sai na yi ɗage. Ban ƙara aiken yaro ɗebo wuta a maƙwabta ba, da ƙafata nake zuwa. Baba ya sayo wa amaryarsa tocila ta gaske mai batir, da wata kazar. Alkunya kuwa ina yi, ban zubar ba, amma kullum kafin magariba sai na duba hannuwan 'yata da aljihunta, ko wa ke zaune.

Ke da kike karanta wannan, da kai maigida, ku ajiye ku tashi yanzu. Ku duba ƙarƙashin matashi, da aljihun rigar da ke rataye, da bakin murhu, da kwandon wasan yara. Laitar da kuka ce ta mutu ba ta mutu ba. Ku fasa ta ku jefa a masai, kada ku miƙa wa yaro don 'yar fitilarta. Kuma idan ɗanku ya zo muku da tambayar da ba ta da kai a kan wuta, ku saki abin da kuke yi, ku kama hannunsa ku duba. Tawa ta fito daga ƙarƙashin rumbu da yatsa ɗaya a ƙone. Ba kowa ke fitowa ba.